Sarkin Kabeji da Na'urar da Ke Hutun Mako

Duk wanda ranar Asabar da ta wuce ya bi ta bakin tsohuwar gadar nan da aka rufe, ya ga wani dattijo tsaye shi kaɗai cikin yayyafi, da kambin kwali a ka, da karan kabeji a hannu a matsayin sanda, ga amalanke cike da fulasan shayi a gabansa, to ina roƙonsa ya rufa mini asiri. Ni ne. Kuma ba taɓin hankali ba ne, sarauta ce. Mutum ashirin da wani abu nake jira, amma babu wanda ya zo gaishe ni sai wani kare. Ya shinshina tayar amalanken, ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗaga ƙafa ya yi abin da ya kawo shi, ya kama gabansa.

Wanda ya tashi a nan ya san yawon kabeji. Sanyi na kankama sai 'yan layi su fito da amalanke, a taka a ƙasa cikin gonaki, ana wasa ana kurɓar abin ɗumama ciki, har a ƙare a wani gidan abinci inda za a ci koren kabeji da dankali da kyafaffen nama sai kowa ya sassauta bel. A ƙarshen cin ne ake naɗa sarki, shi kuma aikinsa ɗaya ne, shirya yawon baɗi. Shi kaɗai ya san hanya, shi kaɗai ya san inda za a ci, ba ya faɗin mahaɗa sai ana gobe, kuma abin kunya ne a tambaye shi. Bara ni aka naɗa, ba don wata cancanta ba, sai don na fi kowa neman ƙari.

Yawon bana kuwa ba irin na kullum ba ne, domin Gwaggo Gesine za ta bar mu. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma duk layin haka muke kiran ta, har ni da furfurata. Ita da mijinta marigayi Onno ne suka fara yawon layinmu tun ina saurayi, kuma ba ta taɓa fashi ba. Yanzu gwiwoyi sun gaji, 'yarta ta matsa, da zarar sanyi ya wuce za ta koma can kudu cikin duwatsu. Wannan ne yawonta na ƙarshe da mu. Sai na ƙudura a raina cewa za mu ƙare a gidan abincin da aka yi bikin aurensu, a can kuma mu naɗa ta sarauniya ba zato ba tsammani. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa naɗa ta ba, kullum sai ta ce a ba yara. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. So nake tsohuwar nan ta tafi tana sane da cewa ba mu fara mantawa da ita tun tana cikinmu ba.

To, a nan ne Masu Girma na saman bene suka shigo maganar, Allah Ya ƙara wa kujerunsu laushi.

Shekara da shekaru ƙungiyarmu na hirarta a manhajar nan ta kamfani da kowa ke da ita a waya. Sai aka wayi gari majalisar garinmu ta damu da sirrinmu. Ba ta damu da gadar da ta rufe "na ɗan lokaci" tun jikata na rarrafe ba, ga ta yanzu tana karanta allon rufewar da kanta. Ba ta damu da bas ɗin da ke zuwa ran da ya ga dama ba. Sirrinmu ne ya hana su barci, kuma mun gode ƙwarai. Aka ƙirƙiro sabuwar kujera, aka ɗora wani bawan Allah a kai, mu kuma muka sa masa Sarkin Sirri. Aka gayyato masu ba da shawara daga babban birni, suka ci kek ɗinmu, suka haska hotuna a bango, suka koma gida aljihu na rinjayar su. Daga nan doka ta fito cewa duk ƙungiyar da ke taro ko ajiye kaya a ɗakin taron gari, dole ta bar manhajar kamfani ta koma wadda gari ya tanadar. Amalankenmu kuwa a can yake kwana.

An yi bikin ƙaddamarwa, na kuma je don an ce akwai kofi kyauta. Aka sauka da mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ginin majalisa, Uban Gari, wato shugaban majalisar, ya yanke ƙyallen da aka ɗaura wa wani akwati mai girman ƙaramin firij. Wannan, in ji su, ita ce uwar na'ura, ta cikinta saƙonninmu za su riƙa bi. Sarkin Sirri ya yi jawabi har kofin ya huce. Abin da na riƙe kawai shi ne, daga yau babu wani baƙo da zai san da wa muke magana. A kan wannan kalma ta "baƙo" ya kamata in tsaya in yi tunani, amma hankalina na kan kek.

Maƙwabcina na dama Remmer ne, tsohon direban bas, mutumin da ba ya yarda da sabon abu sai ya tsufa. Ta hagu kuma Talke ce, mai shagon gyaran keke, wadda ko katin rangwamen kanti ba ta karɓa don kada a san irin man shanun da take saye. Ni ne a tsakiya, shingena kuma gajere ne, saboda haka ta kan kaina ake duk wata muhawara.

"Eilert, faɗa mini tsakani da Allah," in ji Remmer, "me tsohuwar manhajar ta yi mana? Ka sa lambarka, shi ke nan, kowa na ciki. Ita ma ai a kulle saƙon yake tafiya, ko kamfanin ba ya iya karantawa."

"Ba ya karantawa," in ji Talke, "amma ya san lambarka, ya san da wa kake magana, ya san yaushe, ya san sau nawa. Gida ɗaya ne duk duniya ke bi ta cikinsa. Ran da mai gidan ya sauya doka ko ya rufe ƙofa, wurin wa za ka kai ƙara?"

"To ya sani mana. Ya san ina magana da ƙanwata da mai gyaran famfo. Ya je ya sayar, in ya samu mai saye a miƙo mini rabona."

"Wannan kuwa ba ta da mai gida ɗaya. Kowa zai iya kafa tasa uwar na'urar, su riƙa miƙa wa juna saƙo. Ko lambar wayarka ba ta nema. In wannan ya ɓata maka rai, ka tattara ka koma wurin wancan."

"Ni da ko gidan burodi ban taɓa sauyawa ba."

"Shi ya sa kake cin busasshe."

"Busasshen dai na san inda ƙofarsa take. Eilert, kai wa kake bi?"

Na ce musu sarki ba ya da ɓangare. A raina dai na ga kowannensu da gaskiyarsa, abin da ke sa muhawarar maƙwabta ta daɗe ke nan. Amma doka doka ce, kuma shugaba shi ke fara nuna misali. A gabansu na danna na goge manhajar kamfani. Da yamma kowa a ƙungiyar ya rantse shi ma ya goge tasa, ni kuma na yarda, domin haka Allah Ya yi ni.

Sai aka shiga sabuwa. A waccan sunana Eilert. A wannan kuwa sunana ya koma wani dogon abu mai alamomi gaba da baya, kamar lambar da ke bayan injin wanki. Aka ba ni makulli, wato wani jerin haruffa marasa ma'ana, aka ce in ɓoye shi inda ba wanda zai gani, in kuma ya ɓace to tsofaffin saƙonnina sun tafi ke nan, ko Uban Gari ba zai iya dawo da su ba. Na ɓoye shi sosai, don har yau ina nema.

Bayan wannan akwai tantancewa. Kafin waya ta yarda cewa wanda kake magana da shi shi ɗin ne, sai kun zauna tare kun gwada wasu 'yan hotuna, a ga ko naka sun yi daidai da nasa. Tun kafin a haifi Sarkin Sirri nake aure da matata Almuth, amma waya ta ce ba ta tabbata ita ce ba. Muka zauna a teburin kicin, kowa da tabaransa a kan hanci.

"Kare," na ce.

"Kare."

"Lema."

"Lema."

"Ayaba."

"Ni jaki nake gani," in ji ta.

Na leƙa wayarta, ayaba ce. Ashe ni take kallo.

Kada in zama marar adalci, bayan an sha wannan wahalar abin ya yi aiki. Babu baƙon da ya samu lambata ya turo mini tallar maganin sanƙo, babu wanda ya jefa ni cikin zauren hirar da ban nema ba. Talke ta bi gida gida tana saita wa tsofaffi, har da Gwaggo Gesine, wadda ta ce ita dai a nuna mata inda za ta danna, sauran bayanin a ajiye wa masu sauran shekaru. Ni kuma da na ga an ce wannan manhaja ta sirri ce, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da shirina. Na buɗe wani zaure na daban, na sa kowa a ciki ban da Gwaggo. A can muka yi ta shawarar kek, da waƙar da za a yi mata, da girman kambi. Hanya da mahaɗa ne kawai na riƙe a cikina, kamar yadda al'ada ta ce.

Ba a jima ba na haɗu da ita a gidan burodi. Na gaishe ta da gaisuwarmu ta nan, na ce, "Moin, Gwaggo."

Ta ce, "Moin, Herr Tammen."

Tun ina da gashi matar nan "yaron nan" take ce mini. Ranar kuwa sunan gidanmu ta kira, kamar yadda ake kiran mutum a ofishin haraji. Ta karɓi burodinta ta fita ba ta ko waiwayo ba. Na ce ƙila gwiwar ce ta motsa.

Sai ranar Juma'a da rana, ana gobe yawo, Almuth ta dawo daga kasuwa ta dire jaka a kan tebur da ƙarfin da na san akwai magana.

"Ranka ya daɗe Sarkin Kabeji, ka san abin da ka aikata?"

"Wanne daga ciki?"

"Gwaggo Gesine ta san kun buɗe zaure ban da ita. Ta ce wa mai sayar da kifi ba komai, dama wanda zai tashi ba a shawara da shi. Ta ce ta fahimta, tsohuwa nauyi ce a hanya."

Na ce, "Wa ya faɗa mata? Ai a kulle komai yake."

"Saƙon ne a kulle, ba ƙofar zauren ba."

Ga yadda aka yi. Uwar na'urar nan Sarkin Sirri ne ke kula da ita. Ba ya iya karanta ko kalma ɗaya, wannan gaskiya ne, na ba shi haƙƙinsa. Amma yana ganin zaurukan da aka buɗe, yana ganin sunayen waɗanda ke ciki. Ya ga 'yan yawon kabeji sun buɗe zaure na biyu, ya ƙirga ya ga an rasa mutum ɗaya, abin ya ba shi mamaki. Sai ya faɗa wa uwargidansa a kan abinci, a cikin sirri. Uwargidan kuwa duk mako suna karta da Gwaggo Gesine, ita ma a cikin sirri ta faɗa mata. Babu wanda ya yi nufin sharri, kowa amanar ya riƙe ya miƙa wa na gaba.

Na fita bayan gida na kai ƙara ga shinge.

"Ba laifin manhajar ba ne," in ji Talke, fuskarta ta yi ja. "An yi ta ne don kada ta zama da mai gida ɗaya. Su kuma suka tara mu duka a akwati ɗaya suka zauna a kai."

"Ni dai," in ji Remmer, "in har sai wani ya san da wa nake magana, gara ya kasance can bayan teku, wanda matarsa ba ta karta da kowa a garin nan."

"Na bayan tekun mutum miliyan nawa yake kallo, Remmer?"

"Shi ya sa ba ya da lokacin Gwaggo."

Mai hankali a nan takalmi zai sa ya taka zuwa ƙofarta. Ni kuwa ina ta lissafin yadda zan ceci shirin naɗin. Sai na zauna na rubuta mata a sabuwar manhaja: "Gwaggo, kada ki saurari kowa. Ki shirya gobe da safe, za mu biyo mu ɗauke ki." Na kuma tura wa sauran jama'a mahaɗa, bakin tsohuwar gada. Na ga wani ɗan zobe yana ta juyawa a gefen saƙonnin, na ce haka abin sirri yake tafiya, a hankali cikin natsuwa. Na kife wayar na je neman safa.

Abin da ban sani ba shi ne, a saman benen nan akwai wata kujerar kuma, ta Sarkin Tsimi. Shi ma mutumin kirki ne, shi ma damuwarmu ce ke hana shi barci. Tun bara ya kafa doka cewa duk Juma'a da tsakar rana, ma'aikata na tashi, a kashe babban makunnin wutar ginin gaba ɗaya sai Litinin. Har takardar yabo aka ba garinmu a kan haka, tana nan rataye a bango. Ofishin Sarkin Sirri da na Sarkin Tsimi ƙofarsu na kallon juna, kofinsu ma a tukunya ɗaya ake dafawa, amma babu wanda ya taɓa tambayar ɗan'uwansa ko akwatin da ke ƙasa yana da hutun mako. Yana da shi kuwa, cikakke, irin wanda ni ban taɓa samu ba duk tsawon aikina.

Haka na sulale ta ƙofar baya da safe don in riga kowa isa, na je na kafa kaina a bakin gada, ni da amalanke da kare. Kambin ya fara jiƙewa yana lanƙwasowa kan kunnena. Ina nan ina tunanin ko juyin mulki aka yi mini, sai ga Almuth a kan keke, ta ce saƙona bai isa wurin kowa ba.

"Ya aka yi kika san ina nan?"

"Ina kuma za ka je? Kullum gadar nan kake zagi." Ta miƙo mini wayarta. "Riƙe, kada ka yi mini wa'azi."

Manhajar kamfani ce a buɗe, tana ta ƙara kamar an taɓa gidan zuma. Tsohon zaurenmu na nan cike da mutane, babu wanda ya goge komai. Ni kaɗai ne mai biyayya a duk layin. Remmer ya rubuta, "Ina sarkin namu ne, ko ya gudu da fulasan?" Wani ya ce wa zai iya tambayarsa, wani ya ce ba a tambayar sarki. Ina cikin gangarawa sai na ga wani suna.

"Har Talke?"

"Ta ce saboda masu kawo gyaran keke ne."

Na so in yi dariya, sai idona ya faɗa kan saƙon Gwaggo Gesine, domin ita ma tana cikin tsohon zauren. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta tambayi komai ba. Cewa kawai ta yi, "Ku sha tafiya lafiya, yara. Ku sa safa mai kauri, ƙasa a jiƙe take."

Kunya ta kama ni, kuma raina ya ɓaci sosai. Matar da ta kafa yawon nan tana zaune a gida tana sa mana albarka, ta riga ta yarda cewa mun ajiye ta gefe. Na ce wa Almuth, "Rubuta. Sarki ya ce mahaɗa ƙofar Gwaggo Gesine, yanzu."

"Za ta gani fa."

"Ta gani. Na bayan tekun ma ya gani."

Kafin in jawo amalanken zuwa layinmu, jama'a sun taru a ƙofarta, kowa na kallon takalminsa. Na ƙwanƙwasa. Ta buɗe da rigar aikin gida a jikinta, ta yi kicin-kicin da fuska. Amma ta bayan ƙofar na hango takalman tafiyarta a goge, da ɗan kofinta mai igiya da ake ratayawa a wuya, an ajiye shi a kai.

"Herr Tammen, lafiya?"

Duk jawabin da na shirya ya gudu. Na ciro jiƙaƙƙen kambin daga kaina na tsaya riƙe da shi. Remmer ne ya cece ni, in ana kiran wannan ceto.

"Gwaggo, wannan sakaran ya buɗe zauren ne don mu shirya naɗa ki. Duk surutun da ke ciki a kanki ne."

Talke ta miƙa mata waya, tsofaffin saƙonnin na nan ana iya karantawa. Gwaggo ta sa tabarau, ta yi ta gangarawa a hankali, mu kuma muna tsaye yayyafi na sauka a kanmu. Ta karanta musun kek, ta karanta musun waƙa. Can ta ɗago.

"Wa ya ce kaina ƙarami ne?"

"Remmer," muka ce gaba ɗaya.

Ta cire tabaran ta goge shi da bakin riga, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda tabarau ke buƙata. Ni ma idona ya kawo ruwa, ba zan ɓoye ba, ko da yake a wurin na ce yayyafi ne.

"Yaron nan," in ji ta, "bakinka ciwo yake yi? Daga gidanka zuwa nan ko shayi ba zai huce ba."

"Na so ya zama ba-zata ne, Gwaggo."

"Ya zama. Kawo hular, kafin ta narke."

A nan bakin ƙofa muka naɗa ta, tun ba a ci ko cokali ɗaya ba, abin da ba a taɓa yi ba. Muka matsar da fulasai, muka shimfiɗa bargo, sarauniya ta hau amalanke. Ta ce tsohon sarki ne zai ja, kada kowa ya taimake shi. Na ja kuwa, cikin taɓo, tana ba ni umarni da karan kabeji. Da muka karya kwanar da ke kai wa gidan abincin, sai ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ce, "A nan Onno ya taka mini ƙafa sau uku muna rawa, na ce zan rama. Ban samu lokaci ba." Daga nan ta ce a sauke ta, da ƙafarta za ta shiga.

Mun ci har mun sassauta bel. Da aka kwashe kwanuka, Remmer ya tuna mana da abin da ni ban yi tunaninsa ba, cewa wanda aka naɗa shi ke shirya yawon baɗi, ita kuwa baɗi tana kudu. Kowa ya juya ya dube ta. Gwaggo ta buga karan kabeji a ƙasa.

"A can za a yi. Za ku hau jirgin ƙasa, in ya zo, kuma ku taho da kabejinku don na can ba ya ciwuwa. Mahaɗa ƙofar 'yata. Na faɗa muku yanzu da bakina, kowa ya ji?"

"Gwaggo, ai sai ana gobe ake faɗi," in ji wani.

"Sarauniya ce ni ko kai?"

Ranar Litinin aka kunna wuta. Kafin azahar majalisa ta fitar da sanarwa cewa sabon tsarin ya yi nasara ƙwarai, domin a duk ƙarshen makon ba a samu ko saƙo ɗaya da ya faɗa hannun da bai dace ba. Ban taɓa karanta sanarwar da ta kai wannan gaskiya ba, kuma ina taya su murna. An kuma kafa kwamiti da zai duba yadda za a haɗa Sarkin Sirri da Sarkin Tsimi su zauna. Na ji an ce tun ranar Lahadi aka tura wa 'yan kwamitin gayyata, kada ku tambaye ni ta wace manhaja.

Talke ta ce za ta kafa mana tamu uwar na'urar a shagonta, kusa da famfon iska, ta yi alkawarin ba za ta leƙa ba, kuma shagonta ba ya kashe wuta ran Juma'a. Remmer ya ce shi yana nan inda yake sai an rufe masa ƙofa. Ni kuwa yanzu duka biyun ne a wayata. Ɗaya mai sauƙi ce, amma mai gidanta baƙo ne da ba zan taɓa ganin fuskarsa ba. Ɗayar kuma sai an sha wahala, amma kai ke zaɓen mai riƙe maka ƙofa, in dai Masu Girma ba su zaɓa maka ba. Wanda ya tambaye ni wacce ta fi, zan tambaye shi wa ke riƙe da akwatin, da kuma wa matarsa ke karta da shi.

Ina cikin karanta sanarwar nan wayata ta yi ƙara. Ɗan zoben ya daina juyawa, saƙona na Juma'a ya isa wurin Gwaggo Gesine, wanda na ce mata ta shirya za mu biyo mu ɗauke ta. Ga amsarta a ƙasa: "Na gani, yaron nan. Ai kun zo."

Sarkin Sirri zai ga mun yi magana, zai ga lokacin da muka yi, amma ba zai taɓa ganin abin da ta ce ba. To ga shi nan na buga masa a jarida, ya huta, uwargida ma ta huta.